Kalmar da ta rage wa Mai Aski

Ciwon bai yi sallama ba. Mai Aski yana tsaye a bayan wani mutum, kilifa na kuka a hannunsa, sai ya ji hannun ya yi nauyi kamar an rataya masa bulo. Kilifar ta suɓuce. Ya sunkuya zai ɗauka, ƙasa ta taso ta same shi. Iyakar abin da yake tunawa ke nan.

A asibiti aka ce hawan jini ne ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likita ta ce ya auna arziki, shi ma ya san haka. Da aka yi ta kai shi gashin ƙashi a asibiti, ƙafar ta soma dawowa kaɗan-kaɗan, har ya iya janta da sanda. Hannun kuwa ya naɗe a ƙirjinsa kamar mai ɓoye wani abu. Amma duk ba wannan ne ya ɗaure wa mutane kai ba, bakinsa ne.

Magana tana nan a kansa, ba abin da ya ragu. Yana jin abin da ake faɗi, yana ganewa, har amsa yana da ita, wani lokacin ma amsa mai ban dariya. To amma da ya buɗe baki sai kalmomin su watse kamar kaji, ɗaya tak ta fito. Ita ce kuwa wadda ya fi faɗi a rayuwarsa, tun yana saurayi, duk sanda ya karkaɗe mayafin aski ya juya wajen masu jira a benci:

"Na gaba."

In ruwa yake so, na gaba. In ƙafarsa ta yi sanyi, na gaba. Likita ta yi wa matarsa bayani cewa hankalinsa lafiya lau yake, hanyar da ke tsakanin tunani da harshe ce ta toshe, sai 'yar siririya ɗaya da ta saura. Ta ce ko gyaɗa kai da girgiza shi sukan rikice masa, kada a dogara da su. Rubutu kuwa dama bai yi nisa a ciki ba, ga shi hannun rubutun ne ya tafi.

Da aka dawo da shi gida, 'yan dubiya suka yi ta zuwa. Wani dattijo na ƙarshen layi ya zo, ya zauna, ya jero gaisuwa da addu'a mai tsawo, har idonsa ya kawo ruwa. Mai Aski ya ji daɗi ƙwarai. Ya tattara ƙarfinsa zai ce amin, sai ya ji bakinsa ya ce, da ƙarfi kuwa, "Na gaba!"

Dattijon ya dube shi, ya dubi ƙofa, ya tattara rigarsa. Maman Yara, wato matar Mai Aski, ta bi shi har waje tana ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, Allah Ya sawwaƙe, amma bai ƙara zuwa ba.

Waɗanda suka ci gaba da zuwa sai suka canza salo. Su shigo, yana zaune a gabansu, su dubi Maman Yara su ce, "Ya jikin nasa? Yana dai cin abinci?" Wasu su matso kunnensa su daka tsawa kamar kurma. Mutumin da shagonsa ne majalisar unguwa, wanda duk wani labari sai ya bi ta kujerarsa kafin ya kai kasuwa, shi ne yanzu ake maganarsa a kansa kamar kabad.

Maman Yara kuwa, Allah ne kaɗai zai biya ta. Ita ta cire maɓallan rigunansa ta mayar da wuyansu mai faɗi, don ya iya zurawa da hannu ɗaya. Ita ta ɗinka wa silifas ɗinsa na dama roba a dunduniya don kada ya riƙa fita. Ta nemo kujerar roba ta ajiye a banɗaki. In za ta ba shi shayi, sai ta juya hannun kofin zuwa hagu kafin ta ajiye. Hatta gemunsa ita ke gyara masa da rezarsa, tana cije leɓe, shi kuma yana jin yadda take bin gashin ta inda bai kamata ba, ya rufe ido ya daure.

Abin da yake son ce mata gajere ne. Yana ma farawa daidai. "Na g..." Sai harshen, da ya zo mararraba, ya bi tsohuwar hanyarsa.

Da farko dariya take yi. "To Maigida, ba wani na gaba, ni ce dai za ka yi ta gani." Daga baya, da gajiya ta taru, sai ta riƙa cewa "To" kawai, ta ɗauke kwano. Ganin haka ya daina gwadawa.

Mutum ɗaya ne Mai Aski yake ta sa ido ya gani bai gani ba, shi ne tela maƙwabcin shagonsa, wanda kowa ke kira Sanƙo. Bangon katako ne kawai ya raba shagunansu, kuma tun suna da ƙuruciya ba ranar da ba su zagi juna ba. Ya sha jin muryarsa a ƙofar gida, ya kuma ji Maman Yara tana cewa, "Ai barci yake yi." Ya san dalilinta. Bakin Sanƙo ba shi da linzami, tana tsoron ya mayar da mijinta abin dariya.

Wata rana da yamma ƙanen Mai Aski ya zo, wanda 'ya'yan gidan ke kira Baba Ƙarami, har sunan ya bi shi. Mutum ne mai kirki amma mai sauri, yana son ya ga an gama magana. Shi ya yi ta jigilar asibiti da motarsa, ba wanda zai ce bai yi ba. Ya gaida yayansa, sannan ya juya wajen Maman Yara.

"Matar Yaya, mai ginin nan ya sake kira na a kan shagon. Ya ce ba ya son wuri a rufe haka. Akwai wani mai sayar da wayoyi da ke so, gobe zan kai shi ya gani."

"Ai da ka tambayi mai shagon," in ji ta, idonta a ƙasa.

Baba Ƙarami ya matso, ya ɗaga murya. "Yaya! Shagon nan! Ka ga halin da ake ciki. A ba wa wani?"

Mai Aski ya tuna shagonsa. Madubin nan shi ya kafa shi da hannunsa. Kujerar nan shi ya san inda ake dukanta in ta ƙi juyawa. In aka ba da shagon, to ba shi da inda zai ce zai koma, sai wannan ɗakin da wannan tagar. Ya tattara a'a tun daga cikinsa, ya turo ta har maƙogwaro.

"Na gaba!"

Baba Ƙarami ya tafa hannu. "Kin ji ko? Yau kam maganar ta zo daidai. Ya ce a ba na gaba. Allah Ya saka da alheri, Yaya, ka sauƙaƙa mana."

Mai Aski ya so ya girgiza kai, kan ya yi wani motsi da shi kansa bai gane ba. Ya buga sanda a ƙasa. Baba Ƙarami ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya damu, zai kwaso masa kayansa tsaf, ko tsinke ba zai ɓata ba. Maman Yara ta tashi ta shiga kicin, ta daɗe ba ta fito ba.

Washegari da hantsi ta ɗauki jaka za ta je karɓo maganinsa. Ta ajiye masa ruwa a hagu, ta ce kada ya motsa. Yana jin ta rufe ƙofa ya dubi ƙusar da ke jikin bango, inda makullin shagon ke rataye tun ranar da ya faɗi. Ya miƙe. Ya sa kan sanda ya zunguro makullin, ya faɗo kan katifa, ya ɗauka ya jefa a aljihu.

Hanyar da a da yake bi yana waƙa kafin shayinsa ya huce, yau ta zama tafiya. Bai taɓa lura cewa layinsu ya karkata ba sai yau. Bai taɓa sanin katakon da aka ɗora a kan kwata yana rawa ba. Ya tsaya a gabansa yana kallo, sannan ya sa sanda, ya sa ƙafar kirki, ya jawo ɗayar. Babura suna wucewa ta damansa, ɓangaren da ba ya iya kaucewa da sauri. Mai sayar da lemo ta gan shi ta ce, "Lah! Sannu Baba, jiki ya yi kyau!" Ya ɗaga mata sanda, ya rufe bakinsa gam.

A tsakiyar hanya robar silifas ɗin ta zame, takalmin ya tsaya a baya. Ya dube shi. Sunkuyawa ba nasa ba ne yanzu. Yana nan tsaye, sai wani mutum da ke tura baro ya ajiye baron, ya ɗauko takalmin, ya durƙusa ya sa masa, ya ja robar ta zauna, ya ɗauki baronsa ya wuce. Ko fuskarsa Mai Aski bai gani da kyau ba. Ya bi bayansa da kallo har ya sha kwana, yana yi masa addu'a a ciki, inda maganarsa ba ta tuntuɓe.

Tun daga nesa ya jiyo ƙarar keken ɗinki. Da ya iso, gumi ya jiƙa masa riga. Keken ya tsaya. Sanƙo ya leƙo ta saman tabarau, tsinken allura a bakinsa.

"Kai! Wa ya sako ka?" Ya tofar da allurar ya fito. "Tsohon banza, ashe kana nan da ranka? Kullum na je a ce barci kake. Na ce wannan wane irin barci ne, ko ciki ne da kai?"

Mai Aski ya ciro makulli ya nuna ƙofa. Kwaɗon yana son hannu biyu. Sanƙo bai karɓi makullin ba, sai ya riƙe kwaɗon kawai, ya kau da kai yana kallon titi har Mai Aski ya samu ramin da hannun hagu ya murɗa.

Ciki ƙura ta rufe komai. Benci yana nan, matajai suna cikin gwangwani, kilifa tana kan kanta inda wani ya ɗora ta. Mai Aski ya tsaya gaban madubi. Gefen bakinsa ya ɗan zubo, kafaɗa ɗaya ta sauka.

"Subhanallahi," in ji Sanƙo daga bayansa. "Wa ya yi maka wannan aika-aika a gemu? Akuya ce ta yi kiwo? An ce mini wai gashi ake kai ka. Ka ƙare rayuwarka kana zubar da gashin mutane, ga shi yanzu an ce gashi ne maganinka. Alhaki ne, wallahi."

Wani abu ya motsa a ƙirjin Mai Aski wanda ya daɗe bai motsa ba. Sanƙo ya kaɗe kujera da hularsa ya zaunar da shi, shi kuma ya zauna a benci. Muryarsa ta sauka.

"Ƙanenka ya biyo jiya. Ya ce ka sallama shagon, wai mai wayoyi zai shigo. Ni da zan ƙarasa tsufana da kiɗan gwaji a kunne. To, ba laifi, tun da kai ka ce."

"Na gaba!"

Sanƙo ya ɗago. Ya karkata kai kamar mai sauraron keken da ya soma ɓaci.

"Sake faɗi."

"Na gaba!"

"A'a. Wannan ai ta faɗa ce." Ya miƙe tsaye. "Wannan ita kake jefa wa wanda ya tsallake layi ya zo zai zauna. Ni za a gaya wa? Shekara nawa ina jin ka ta bangon nan? In mutumin kirki ne ke biye, ja kake yi, na gabaaa, kamar mai kiran ango. In ka gaji, yunwa ta kama ka, a gajarce kake sakinta. Wannan kuwa da ka yi yanzu, da ita ka kori ɗan gidan mai ginin nan ranar da ya zo da taƙama. Tsaya in gwada ka. In kawo maka shayi?"

Mai Aski ya ji yawunsa ya tsinke. "Na gabaa."

"Yawwa, wannan ta maraba ce. To, ni da kai, ni na fi kyau ko?"

"Na gaba!"

"Ka ji ɗan baƙin ciki! Ciwo bai rage maka komai ba!"

Dariya ta ƙwace wa Mai Aski. Ta fito a karkace, da tari, da hawaye, har sanda ta faɗi. Sanƙo ma ya riƙe ciki. Da suka lafa, Sanƙo ya share ido da bayan hannu, ya juya masa ƙeya.

"Duba nan." Tsakiyar kan fayau yake kamar kullum, amma ɗan gashin da ya kewaye shi ya yi tsiri-tsiri har ya rufe kunne. "Tun da ka kwanta ban bar kowa ya taɓa ba. Ba don ƙauna ba, kada kanka ya kumbura. Sauran masu askin ne ba su iya zagi ba. Tashi ka ba ni kujera."

Mai Aski ya dubi hannunsa na dama. Sanƙo ya ce, "Wa ya tambaye shi? Ɗayan fa, ado ne?"

Ya fita ya jawo wuta daga shagonsa, ya hure kilifar, ya ɗiga mata man keke. Ya yafa wa kansa mayafin ya ɗaure a wuya, ya zauna, ya miƙa kilifar ta saman kafaɗa.

Da ta soma kuka a hannun hagu, Mai Aski ya ji kamar baƙuwa ce. Tana da nauyi, tana son tafiya inda ta ga dama. Sanda kuma ba hannun riƙe ta. Ya jingina ƙugunsa da kujerar, ya kafa ƙafar kirki. Yankan farko ya shige ciki fiye da yadda ya so.

"Na ji wannan," in ji Sanƙo. "Ci gaba, ai ba ɗaurin aure za ni ba."

Da aka zo kunne aiki ya tsaya, don kunne sai an lanƙwasa shi, kuma ba hannun lanƙwasawa. Mai Aski ya taɓa kunnen da gindin kilifa. Sanƙo ya gane, ya fito da hannu ta ƙarƙashin mayafi ya riƙe kunnensa da kansa. Da gefen ya ƙare, maimakon mai aski ya zagaya, sai Sanƙo ya sa ƙafa a ƙasa ya juya kujerar a hankali har ɗaya gefen ya zo gaban kilifa.

"Ka gani? Ni ke riƙe kunne, ni ke tuƙa kujera. Kai me kake yi ne ma?"

A hankali hannun ya soma jin magana. Idon dama bai manta komai ba, ya san inda gashi ya kwanta da inda ya juya. Mai Aski yana cikin bin ƙeya, harshensa a gefen baki, sai haske ya ragu a ƙofa.

Maman Yara ce, mayafinta ya zame, jakar magani a hannu, tana haki. Bayanta Baba Ƙarami, bayansa kuma wani mutum mai sabuwar riga, da alama mai wayoyin ne, yana leƙen bango da rufi.

"Maigida! Maigida, ka kashe ni! Na duba banɗaki, na duba bayan gida, har kwata na leƙa!" Muryarta ta karye. "In ka faɗi a titi fa? Wa za ka gaya wa sunanka?"

Mai Aski ya kashe kilifa.

"Matarmu, sannu da zuwa," in ji Sanƙo, hannunsa riƙe da kunne. "Ga mai barcin naki ya farka."

"Kai kuma, Tela, ka ji tsoron Allah," in ji Baba Ƙarami. "Mutum ba lafiya ka sa shi aiki? Shagon ma ai an gama magana. Yaya da bakinsa ya ce a ba na gaba."

"Da wace murya?"

"Kamar ya da wace murya?"

"Tambaye shi kuma. Amma kada ka yi ihu, kunnensa ya fi nawa. Ka tambaya, sannan ka yi shiru ka saurara, in ka iya."

Baba Ƙarami ya yi tsaki kaɗan, amma ya matso. "Yaya, a ba wa wannan bawan Allah shagon?"

"Na gaba!"

Kwalbar sifirit da ke kan kanta sai da ta amsa. Mai sabuwar riga ya ja da baya taku ɗaya.

"To yanzu ce masa, a bar maka kayanka?" in ji Sanƙo.

Baba Ƙarami ya sake matsowa. "Yaya... a bar maka shagonka?"

"Na gabaa."

Baba Ƙarami ya cire hula ya sosa kai, ya mayar. Ya san wannan muryar ta farko. Da ita aka hana shi bin abokan banza yana yaro, ko da yake ba da waɗannan kalmomin ba.

"Jiya ma haka ya faɗa," in ji Maman Yara a hankali. Ba ta dubi kowa ba. "Na ji. Amma a nan ciwon ya kayar da shi, nan wurin da kake tsaye. Ni dai ina son in riƙa ganinsa a gabana."

Sai ta lura ƙafar mijinta tana rawa. Ta ajiye jaka, ta jawo doguwar kujerar katako da ke lungu, ta goge ta da bakin mayafi, ta tura masa ta baya yadda zai ɗan ɗosana ba tare da ya bar aikin ba. Ta share masa gumin goshi. Ta gyara masa wuyan riga, tana yi tana ƙunƙuni.

Ya dube ta. Ya san abin da zai fito, amma ya bar shi ya fito.

"Na gaba," ya ce, ƙasa-ƙasa.

"To," in ji ta, za ta juya.

"Tsaya, Matarmu." Sanƙo ya saki kunnensa. "Wannan ban san ta ba. Wallahi ban taɓa jin ta ta bangon nan ba, ko sau ɗaya. Ba ta shago ba ce. In kin tambaye ni, wannan taki ce."

Maman Yara ta tsaya da hannu a kan jaka. Ta dubi mijinta, ya dube ta. Sannan ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce da muryar da ba ta fita sosai, "Sai ka ƙarasa wa mutum askinsa, ka bar shi da rabin kai kamar mahaukaci."

Mai sabuwar riga ya yi gyaran murya. "Ni bari in wuce, Alhaji. Wurin nan da mai shi. Allah Ya ƙara sauƙi, Baba." Mai Aski ya ɗaga masa kilifa.

Sauran askin ya ɗauki lokaci, ba wanda ya ƙirga. Da aka gama, Sanƙo ya kwance mayafi, ya karɓi ƙaramin madubi ya duba ƙeya ta nan, ya duba ta can. Gefe ɗaya ya fi ɗaya hawa, ga kuma wata 'yar hanya a bayan kunne.

"Kai, madalla. Ko kafin ciwon ma iyakar iyawarka ke nan, kunya ce ta hana mu faɗi. Gobe zan dawo ka gyara ɓarnarka. Akwai tsofaffi irina da ba su da wurin zuwa da safe, zan turo maka su, kowa ya zo da hannun riƙe kunnensa."

"Da safe kawai," in ji Maman Yara. "Kuma ni zan kawo shi, ni zan mayar. In rana ta yi zafi an tashi."

"Ni zan yi magana da mai ginin," in ji Baba Ƙarami. Bai iya ba da haƙuri da baki ba, ba halinsa ba ne. Sai ya shiga zagaya shagon yana ƙwanƙwasa bango. "Nan sai an kafa ƙarfe na dafawa, daga ƙofa zuwa kujera. Dakalin nan ma a rage masa tsayi. Matar Yaya, ina ganin ta wannan ɓangaren zai fi, ko?"

"Ga mai shagon nan a zaune," ta ce, tana neman tsintsiya.

Mai Aski ya riga ya koma kan kujerar askin, ƙafafunsa sun ce sun gama na yau. Jikinsa duk ciwo yake, irin ciwon da ya yi kewa. Baba Ƙarami ya zo gabansa ya ɗan rusuna, bai ɗaga murya ba.

"Yaya, ta nan, ko ta can?"

Mai Aski ya dubi bangon biyu, ya auna yadda zai shigo da yadda zai fita. Ya ɗaga sanda ya nuna na hagu, sannan ya sauke ta kaɗan, daidai tsayin ƙugunsa.

"Tela, ara mini allinka," in ji Baba Ƙarami.

Sanƙo ya laluba aljihu ya miƙa masa. "Ka dawo mini da shi. Na san halin gidanku."

Baba Ƙarami ya durƙusa ya ja layi a inda sandar ta nuna.